Wasiƙa ga Edita: Mai son hoton teku ya fara koyon halin ruwan tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira.

Abun da yasa na zauna nake wannan rubutun shine hotunan bakin teku da nake yawan gani, wasu a shafinku na hotunan masu karatu wasu kuma abokai ke turowa a WhatsApp. Mutum yayi doguwar tafiya yaje har gaban teku amma ya dawo da hoton da in ka kalla sai kaga kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe ɗaya saboda karkata, sama tayi fari fat, fuskar wanda aka ɗauka tayi baƙi ƙirin, in kace masa ya akayi haka sai yace ai wayar ce bata da kyamara mai kyau, bari ya canza waya. Toh ranka ya daɗe ni dai na daɗe ina wannan harkar kuma nace ba laifin wayar bane. Nima haka na fara, ranar farko da na tsaya gaban teku da kyamara da rana tsaka naje, na cika memori taf, da na koma masauki na duba wallahi ko guda ɗaya babu na nunawa mutane, duk ruwan ya fito kamar faranti.

Abun da na gane daga baya shine teku ba gini bane da zai tsaya yana jiranka. Gini yadda ka barshi jiya haka zaka sameshi yau, shi kuwa teku na safe daban na yamma daban, wurin da ka tsaya ɗazu kan yashi busasshe bayan awa uku ruwa ya kai maka ƙugu. Saboda haka kafin a zo maganar madannai da lambobi sai an san lokacin zuwa.

Maganar haske kowa ya sha jinta, ba sai na ja ta ba. Kusan awa ɗaya bayan fitowar rana da kusan awa ɗaya kafin faɗuwarta shine lokacin da haske yake kwantawa a kan ruwa yayi ja-ja, inuwa tayi tsawo, yashi ya fito da zanensa. Abun da mutane basa lura dashi guda biyu ne. Na farko gaɓar da kake kai ina take kallo, in gabas take fuskanta to rana daga cikin ruwa zata fito maka, sammako ya kamaka, in yamma take kallo to yamma ce taka. Na biyu, da rana ta faɗi sai kaga kowa ya naɗe kayansa ya tafi, alhali mintocin da ke biyo baya sama tana yin wani shuɗi-shuɗi da ruwan hoda wanda sau da yawa yafi faɗuwar ranar kanta kyau, kuma hasken ya ragu yadda zaka iya jan lokaci, wato ka bar kyamara ta daɗe da ido a buɗe tana ɗauka, ba tare da ka saka gilashin rage haske a gabanta ba. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya wannan lokacin gajere ne sosai, rana kamar jefa ta akeyi, in baka shirya tun da wuri ba kafin ka gama kafa kaya duhu yayi. Kuma dan Allah kar ranar hadari ta hanaka fita, ni mafi yawan hotunan da nake alfahari dasu ranar da gari ya haɗe na ɗaukesu, sama wasai babu gajimare ko ɗaya hoton ta bashi da ɗanɗano.

Inda nake so a tsaya sosai shine cika da janyewar teku, dan nan ne ake barin mutane a baya. Wata ne yake jan ruwan, rana tana taya shi, kuma a yawancin gaɓoɓin duniya ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Shi yasa in yau ƙarfe shida ruwa ya janye to gobe sai wajen bakwai saura minti goma, kullum yana matsawa gaba. Lokacin da wata ya cika da lokacin da ya ɓace sabo zai tsaya, cikar tafi yawa janyewar ma tafi nisa, in wata yana rabi kuma bambancin kaɗan ne. Kuma wuri ya bambanta da wuri, a mashigin Fundy na ƙasar Kanada tsakanin cika da janyewa yana kaiwa wajen mita 16, tsayin bene mai hawa huɗu ko biyar kenan, a Bahar Rum kuwa yawancin wurare ko rabin mita baya kaiwa. Duk wannan ba sai kayi duba ba, akwai jadawalinsa a intanet da manhajojin waya na kusan kowace gaɓa, da awa da minti.

Meye amfaninsa ga mai hoto? In ruwa ya janye duwatsun da ke ɓoye suna fitowa, ƙananan kududdufai suna zama a tsakaninsu suna ɗaukar hoton sama kamar madubi, yashi ya jiƙe yayi sheƙi babu sawun kowa a kai. In ruwa yana cika kuma shine zaka samu igiyar ruwa tana dukan dutse tana tashi sama. Ni abun da nafi so shine ruwa ya cika ya fara komawa daidai lokacin da rana zata fito, dan ya wanke min yashin tas kuma nasan baya yake ja ba ni yake nufowa ba. In na duba jadawali naga ranar da waɗannan biyun suka haɗu to wannan ranar ko me nake na ajiye.

Sai maganar shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ta rufe. A hoton teku wannan shine gishirin abun, dan shi yake yanke yadda ruwan zai fito. In kana so ka daskarar da igiyar ruwa a sama, kowane ɗigo ya fito ɗaya-ɗaya, sai ka kai 1/1000 na sakan ko sama da haka. In kana so ruwan ya koma kamar hayaƙi ko madara ya kwanta luf a gindin duwatsu sai ka barshi sakan 30 ko fiye. Wannan na hayaƙin yana burge mutum da farko, nima na shekara ina yinsa har abokai suka gaji, amma gaskiya yana kashe ran tekun, duk hotunan sai su zama iri ɗaya. Wanda nafi so yana tsakiya, daga 1/4 na sakan zuwa sakan ɗaya, a nan ne kumfa take jan farin layi a kan yashi ana ganin ruwan yana tafiya amma bai narke ba. Kuma sirrin da na daɗe ban sani ba shine ba lokacin da ruwan ke zuwa ake dannawa ba, ka bari ya zo ya gama shimfiɗuwa ya tsaya cak na ɗan lokaci, da ya juya zai koma sai ka danna, layukan kumfar sai su ja idon mai kallo daga ƙasan hoton har cikin teku. Igiyoyin ma ba ɗaya suke ba, suna zuwa rukuni-rukuni, manya su biyo juna sai a ɗan lafa, in ka tsaya minti goma kana kallo baka taɓa kyamara ba zaka fara gane tafiyarsu. Ka ɗauka da yawa, cikin talatin ko arba'in in ka samu biyu masu kyau ka gode Allah, ba a taɓa samun igiya biyu iri ɗaya ba.

Sauran lambobin basu da wahala. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka barshi a 100 ko mafi ƙanƙanta da kyamararka ke dashi, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11, in ka matse ta har f/22 dan ka samu jan lokaci hoton zai rage kaifi. Fokos kuma ka ɗora shi a kan abun da ke kusan kashi ɗaya cikin uku na nisan wurin daga inda kake sannan ka mayar dashi na hannu, dan in ka barshi da kansa duk zuwan igiya sai ya rikice yana nema.

To da rana ya za ayi a ja lokaci haske yayi yawa? Nan ne filtar ND take shigowa, baƙin gilashi ne kawai kamar tabarau da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara. Kowane mataki rabin hasken yake cirewa, mai mataki 6 tana rage haske sau 64, abun da zaka ɗauka a 1/125 ya koma kusan rabin sakan, mai mataki 10 kuma sau 1024 take ragewa, 1/30 ya koma sakan 30 da ɗoriya. In ɗaya zaka mallaka ni dai nace mai 6, dan mai 10 duhunta har kyamara bata gani ta ciki, sai ka gama saiti da fokos sannan ka ɗaura. Kuma araha bata ado, akwai waɗanda in ka saka duk hoton sai ya koma ruwan goro ko shuɗi. Ɗayar filtar itace wadda ake rubuta CPL a jikinta, ana murza ta tana kashe ƙyallin da ke kan ruwa da jiƙaƙƙen dutse har kaga ƙasan ruwa mara zurfi, tafi aiki in rana tana gefen kafaɗarka ba gabanka ko bayanka ba, tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, sai dai in idon kyamararka mai faɗi ne sosai tana sa wani ɓangare na sama yafi wani duhu. Kuma wani lokacin ƙyallin nan shine hoton, kar ka kashe shi dan kawai kana da filta.

Matsalar sama tayi fari ƙasa tayi duhu ba yau ta fara ba Malam Edita, tun kakannin sana'ar take. Wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray a shekarun 1856 da 1857 ya ɗauki hotunan teku da suka ba mutanen zamaninsa mamaki, dan a lokacin in ka samu ruwa to sama ta ƙone, in ka samu gajimare ruwa ya zama baƙi. Dabarar da yayi a wasu daga cikinsu itace ya ɗauki sama a gilashi ɗaya, dan a lokacin a kan gilashi yake ɗaukar hoto, teku a wani gilashin, ya haɗa su a takarda ɗaya daidai kan layin da suka haɗu. Abun da HDR na wayarka keyi kenan yau cikin ƙiftawar ido. Mai kyamara ya ɗauki uku, ɗaya daidai ɗaya da duhu ɗaya da haske ya haɗa daga baya, ko ya nemi filtar da samanta ke da duhu ƙasanta garau. In kyamararka tana da RAW, wato ajiye hoto ɗanye yadda aka ɗauke shi, ka kunna, yana baka damar ceto inuwa wajen gyara. Abun da ba a cetowa shine farin da ya ƙone, in kumfa ta ƙone ta tafi kenan, dan haka ka dinga duba ɗan zanen nan mai kama da tsauni da ake kira histogiram, kar ya manne a bangon dama, sikirin a cikin rana ƙarya yake maka. Sai kuma akasin haka, in farin yashi ya cika hoton kyamara tana ɗauka haske yayi yawa sai ta rage, yashin ya fito toka-toka, a nan sai ka ƙara mata haske kamar mataki ɗaya, wato +1.

Yanzu layin da sama ta haɗu da ruwa. Wannan dan girman Allah a miƙar dashi. Dutse zai iya karkata, bishiya zata iya karkata, ruwa baya karkata, ko yaro ya kalla yasan da matsala ko da bai iya faɗin mece ce ba. Kowace waya tana da layukan raga a saitin kyamara, a kunna, sakan biyar ne. Inda za a ajiye layin kuma ana cewa kar a sa shi a tsakiya, in sama ce mai kyau a bata kashi biyu cikin uku, in ƙasa ce a bata. Shawara ce mai kyau ga mai koyo amma ba wahayi bace, Hiroshi Sugimoto ɗan Japan tun 1980 yake ɗaukar tekunan duniya baƙi da fari, rabi sama rabi ruwa layi a tsakiya cif babu jirgi babu tsuntsu, kuma manyan gidajen adana kayan fasaha suna rataye su. Bambancin shi da gangan yayi. Mu da bamu kai nan ba mu nemi abun da zamu sa a gaba, dutse, guntun itace da ruwa ya kawo, kwale-kwale a kife, zanen da ruwa ya bari a yashi, ka durƙusa ka kusance shi har sai kaji kamar yayi yawa. Kuma ka kula da ƙafarka, sau nawa na tattaka wurin da daga baya na gane shine hoton, ka zagayo ta baya ka duba tukuna. In mutum zaka sa a ciki ya bada girman wuri yana da kyau, amma baƙon da baka sani ba a bakin ruwa ka nemi izininsa.

Mai ƙafa uku, wato abun da ake ɗora kyamara a kai ta tsaya cak, dole ne in zaka ja lokaci, kuma yana da nasa halin a yashi, duk sanda ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsa yana kwashe yashin ƙafafun su nutse kaɗan hoton ya girgiza. Ka danna ƙafafun sosai cikin jiƙaƙƙen yashi ka bari igiya ɗaya ko biyu su wuce ya zauna, ko ka nemi dutse. Taimar sakan biyu bata dace da nan ba dan kafin ta danna igiyar ta wuce, rimot yafi.

Gishiri kuwa shine babban abokin gabar kayanka. Litar ruwan teku ɗaya tana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri, kuma ba sai ruwan ya taɓa ka ba, iskar kanta tana ɗauke da feshi, bayan minti ashirin ka duba gilashin gaba zakaga ya dushe, kai kana ta mamakin me yasa hotuna suke hazo. Ka riƙe tsumma mai laushi fiye da ɗaya a aljihu, amma kafin ka goge ka fara hure yashin da ɗan famfon iska, ƙwayar yashi ɗaya in ka murza ta a gilashi ta zana kenan har abada. Kar ka canza idon kyamara a bakin ruwa iska na kaɗawa. In ka fito daga ɗaki ko mota mai AC ka bar kyamarar a jaka ta ɗan saba da zafin waje, in ba haka ba gumi zai rufe gilashin. Da ka koma ka wanke mai ƙafa ukun da ruwan famfo ka warware shi ya bushe, ni na taɓa yin ganganci na bar nawa sati biyu, da na zo buɗewa makullan sun ci tsatsa sun ƙi motsi, haka na haƙura dashi. Masu waya kuma da ke cewa tawa bata jin ruwa, wannan IP68 ɗin, lambar da ke nuna waya bata jin ruwa, da ruwa mara gishiri ake gwada shi, in ruwan teku ya shiga wurin caji kar ka jona sai ya bushe sarai.

Tunda na ambaci waya, kar mai waya yaga kamar ba dashi ake ba. Yawancin wayoyin Android suna da wurin Pro da zaka saita shota da ISO da kanka, a iPhone kuma in ka ɗauka da Live, wato hoto mai ɗan motsi, akwai inda zaka mayar dashi na dogon lokaci ruwan yayi laushi. Ka taɓa wuri mai haske a sikirin ka ja hasken ƙasa kaɗan, ka goge gilashin, ka daina zum da yatsa, ka matsa da ƙafarka in da hali.

Abu na ƙarshe kuma shi yafi duk sauran nauyi a wurina. Ruwa ba sa'an kwando bane. Mai hoto idonsa na kan sikirin, hankalinsa na kan lambobi, shi yasa yafi kowa shiga haɗari. Kar ka juya wa teku baya kana kusa dashi, akwai igiyar da take zuwa babu sallama ta wuce duk inda sauran suka tsaya, a gaɓar Reynisfjara mai baƙin yashi a ƙasar Iceland irin wannan igiyar ta ja masu yawon buɗe ido sun rasa rayukansu, har an kafa fitilun gargaɗi a wurin. Dutsen da kaga yayi kore da gansakuka sulɓi gareshi kamar sabulu, dutsen da kaga a jiƙe kuma alama ce ruwa yana kaiwa nan. In ka hau wani tsibirin dutse ruwa na janye ka san ƙarfe nawa zai dawo ya rufe hanyar. In ruwa ya fizgi jaka ko kyamara ka barta ta tafi. Kuma ka gaya wa wani inda zaka da lokacin dawowarka, musamman mai fita da asuba shi kaɗai.

Roƙona gareka Malam Edita shine in zaku ci gaba da buga hotunan masu karatu, ku dinga tambayar mai hoton ƙarfe nawa ya ɗauka, ruwa na cika ne ko yana janyewa, da lambobin da ya saita in ya sani, ku rubuta a ƙasan hoton ko da layi ɗaya ne. Wanda layinsa ya karkace kuma ku mayar masa ya miƙar kafin ku buga. In kun buɗe wannan filin ni ma zan turo nawa guda biyu, ɗaya na rabin sakan ɗaya na sakan 30 a wuri ɗaya rana ɗaya, masu karatu su faɗi wanda yafi.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai karanta jaridarku, mai sha'awar ɗaukar hoto